Kwanan daji da 'yan ƙaramar sakandare: me za a bar wa yara, me manya za su ɗauke musu?

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a ƙaramar sakandare. Shugaban makarantarmu ya ɗora mini shirya wa ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 14 fita karatu a daji, har da kwana a tanti. Iyaye sun rabu biyu, wasu na murna, wasu na cewa neman magana ne kawai. Ni kaina ban taɓa jagorantar irin wannan fita ba. Shin kwanan yana da wani amfanin da yini ɗaya ba zai bayar ba? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya taimaka. E, kwanan yana da amfanin da yini ba zai bayar ba, amma sai kin raba abubuwa biyu da mutane suke cuɗawa, wato wahala da haɗari. Sanyin asuba, ƙasa mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙari, abincin da ya kama a tukunya, tantin da ya karkace saboda an yi lalacin buga turaku, duk wannan wahala ce, kuma ita ce karatun. Ki bar wa yara kayansu. Ruwa mai zurfi, tsawa, wuta, hanyar mota, da babban mutumin da ba a binciki halinsa ba, waɗannan haɗari ne, kuma ko ƙwayar zarra ba a rabawa da yaro. Yawancin shirin da yake lalacewa juya lissafin ake yi: malamai su kafa wa yara tanti, su dafa musu abinci, su naɗe musu shimfiɗa, sannan su sake su suna wasa a bakin kogi ba mai ido a kansu.

A fitar yini, yaro baƙo ne. Ya san kafin magariba yana gaban mahaifiyarsa, don haka duk abin da ya yi sakaci da shi wani zai gyara. Dare kuwa ba ya yafe sakaci. Ki tsaya kusa da yara huɗu suna kafa tanti ki ga abin da nake nufi. Ɗaya zai buga turke a miƙe saboda ya fi sauƙi, alhali a karkace ake buga shi, kansa ya jingina nesa da tantin. Wani zai sa ƙofa tana kallon iska. Ba wanda zai ja igiyoyin rufin waje su yi tsam, sai rufin ya kwanta a kan na ciki. Wajen ƙarfe biyu na dare raɓa da tururin numfashinsu su taru, bargon wanda ke gefe ya jiƙe. Da safe ba sai kin yi wa kowa faɗa ba. Ki zauna da su ki tambaye su ta ina ruwan ya shigo, za su gano da kansu, kuma in akwai dare na biyu za ki ga tantin ya tsaya cak. Abin da nake roƙonki shi ne ki danne hannunki a wannan yammacin. Ki nuna sau ɗaya, ki tabbatar tantin ba zai faɗi a kansu ba, sauran ki ƙyale. Yaro ɗan shekara 12 yana ƙishirwar a ba shi amanar aiki na gaske, kuma yana gane aikin da aka ƙirƙira don kawai a shagaltar da shi.

Wannan dabara ta daɗe. A watan Agustan 1907 Robert Baden-Powell ya kai samari kusan 20 tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, fitar da ta haifi ƙungiyar Sikawut. Abin da ya yi mai daraja shi ne raba su gida huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. Daga baya Kurt Hahn, malami Bajamushe, tare da Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a Aberdyfi ta ƙasar Wales a 1941, a kan tunanin cewa matashi ba ya sanin ƙarfin da ke jikinsa sai ya gamu da abin da ya buƙaci ƙarfin. Ki ɗauki tsarin ƙananan rukunai kai tsaye: yara biyar ko shida, kowa da aikinsa, mai ɗebo ruwa, mai girki, mai wanke-wanke, mai kula da shara, mai riƙe taswira, kuma aikin ya riƙa zagayawa. Kada a bar wa 'yan mata tukunya, maza su kwashe gatari da igiya.

Sai dai kada ki yi wa iyaye alkawarin da dare ɗaya ba zai iya cikawa ba. A 1997 masanin harkar ilimi John Hattie da abokan aikinsa sun tattara bincike 96 a kan irin waɗannan shirye-shirye. Sun samu ci gaba matsakaici a abubuwa kamar yarda da kai da iya jagoranci, kuma ci gaban bai zube ba bayan an koma gida, wanda ba kasafai ake samu a harkar ilimi ba. Amma shirye-shirye masu tsawo, na sama da kwana 20, su suka fi tasiri. Kwana ɗaya ko biyu ba ya sauya halin yaro. Yana ba shi shaidar da zai riƙe cewa ya taɓa jin tsoro ko gajiya kuma ya tsallake, yana kuma nuna miki ɗalibanki ta fuskar da aji ba ya nunawa. Wannan ya isa dalilin tafiya.

Tunda kimiyya kike koyarwa, dare gonarki ce. Ki zaɓi tambaya ɗaya ko biyu kacal. Misali, kowane rukuni ya auna zafin iska a daf da ƙasa da kuma a tsayin mita ɗaya, duk bayan awa biyu daga la'asar zuwa lokacin barci, a sake aunawa da asuba, sannan su nemi dalilin da ciyawa ta jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. Ko su zaɓi tauraro ɗaya su saita shi da reshen bishiya, su dawo wurin da suka tsaya bayan awa guda su tarar ya gusa, domin duniya na juya digiri 15 a kowace awa. Kafin kallon sama a kashe tocila gaba ɗaya, ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma haske ɗaya ya isa ya mayar da kowa baya. Ki rataya farin zane ki haska shi, ƙwarin dare za su zo da kansu a zana su a littafi. Gani ya kori ji. Kada ki cika jadawali maƙil kamar ranar makaranta. Ki bar awa ɗaya ba komai a cikinta sai zama cikin iyakar sansani, yara da yawa abin da suka gani a wannan awar shi suke tunawa.

Yanzu ga ɓangaren da yake naku ne ku manya, kuma a nan ba na sassauci. Ki je wurin da ƙafarki kafin ranar, a irin yanayin da za ku tafi, in da hali ki kwana. Ki gwada ko waya tana samun sabis, a daidai ina take samu. Ki auna da agogo minti nawa mota take ci zuwa asibiti mafi kusa wanda yake aiki da dare. Ki tambayi mutanen da ke zaune kusa iya inda ruwa yake kaiwa idan ya cika, da irin dabbobi da macizan wurin, da halin tsaron yankin. Su suka fi kowa sani. Ba a kafa tanti a busasshen rafi ko ƙasan kwari komai kyan yashinsa, domin ruwan da aka yi a tudu mai nisa yana iya isowa alhali a kanku sama tas take. Ba a kafawa a ƙarƙashin busasshen reshe, ko gindin doguwar bishiya tilo a fili.

Manyan masifun da suka faru a wannan fanni sun yi kama da juna. A Nuwambar 1971 ɗalibai biyar da wata matashiya mai taimaka wa jagora sun rasu cikin guguwar dusar ƙanƙara a tsaunukan Cairngorm na Sikotilan. A Maris 1993 ɗalibai huɗu sun nutse a Lyme Bay ta Ingila a fitar kwalekwale, abin da ya sa majalisar Birtaniya ta yi dokar 1995 da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni. A Afrilun 2008 ɗalibai shida da malaminsu ambaliya ta tafi da su a kwazazzabon Mangatepopo na Niyu Zilan. Ba rashin jin maganar yara ya jawo ko ɗaya ba. Manya ne suka ci gaba da shiri a yanayin da ya kamata a tsaya ko a juya. Na san nauyin da ke kan mai jagora a irin wannan lokaci: an biya mota, yara sun ɗoki, iyaye sun sa hannu, shugaba yana jiran hotuna. Shi ya sa ba a yanke hukuncin fasawa a ranar. Ki rubuta shi tun mako biyu kafin tafiya, a sanyin rai: idan hasashen yanayi ya nuna ruwa mai ƙarfi ko tsawa, an fasa, idan babba ɗaya ya kasa zuwa kuma ba madadinsa, an fasa, idan ruwan rafi ya sauya launi ko ya ƙaru, ba mai kusantarsa. Shugaban makaranta ya sa hannu a kan cewa ke kaɗai kike da ikon cewa an fasa, kuma ba wanda zai tuhume ki daga baya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A fitarki ta farko shawarata ita ce ki cire iyo da kwalekwale ɗungurungum. Waɗannan aikin wanda ya samu horon ceto ne, da rigar hana nutsewa a jikin kowane yaro.

Tanti ba ya kare mutum daga tsawa ko kaɗan. Mafaka ita ce gini mai kyau ko mota mai rufin ƙarfe a rufe. In dai kun ji ƙarar tsawa, kun shiga inda za ta iya sauka, kuma sai an yi minti 30 daga ƙara ta ƙarshe ake fitowa. Ki koya wa yara ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙara, kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce, amma su yi ƙirgar daga cikin mafaka. Wuta kuma wuri ɗaya, babba ɗaya a kanta, bokitin ruwa a gefe, nesa da tantuna, domin yadin tanti narkewa yake yi ya manne a fata. Kada a shigar da gawayi ko risho ko kyandir cikin tanti don jin ɗumi, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Iskar kabon monoksaid mai guba da suke fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa. Ƙuna in ta faru, ruwa mai sanyi a kai na minti 20, ba mai, ba man goge baki. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau. A kwantar da yaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Saboda haka mota ɗaya za ta kwana a sansani, da mai a tanki, hancinta na kallon hanya, kuma kowane babba ya san inda mukulli yake. Direban da zai dawo da yara kuwa ba ya cikin masu gadin dare.

Game da yawan manya, ni ba na yarda da ƙasa da babba ɗaya ga yara takwas, kuma ko yaran kaɗan ne manya ba sa kasa uku, domin idan biyu sun tafi asibiti da yaro dole wani ya rage, ko da yake huɗu sun fi. Aƙalla ɗaya ya kasance da horon agajin farko na kwanan nan. Ki kafa doka a fili, a gaban kowa: babu babban da zai keɓe da yaro ɗaya inda ido ba ya kaiwa, babu babban da zai kwana a tantin yara, 'yan mata da ɓangarensu da malamai mata. Dokar ta hau kan malamin da ya shekara ashirin a makarantar kamar yadda ta hau kan mahaifin da ya zo taimako. Masu lalata da yara sun fi samun dama ta hanyar yardar da aka yi musu, saboda haka kada kunya ta hana ki. A raba gadin dare, awa biyu-biyu, da fitila a ƙofar tantin malamai don yaro ya san inda zai nufa. Ƙirga kawuna kuma ba ya yawa: lokacin shiga mota, lokacin sauka, kafin duhu, kafin barci, da asuba. A kira suna, kada a ƙirga da ido kawai.

Akwai abubuwan da takardar shiri ba ta cika ɗauka ba, kuma su ne suke ɓata wa yaro tafiya a ɓoye. Takardar lafiya za ta gaya miki mai asma, mai sikila, mai farfaɗiya, mai ciwon suga, da wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci ko harbin zuma. Ki zauna da iyayen kowannensu, maganin ya zo da sunan yaro da yadda ake ba shi, mai asma kuma abin shaƙarsa ya kwana a kusa da kansa, kada a kulle shi a akwatin malama. Mai sikila sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya ne ke tayar masa da ciwo, sai a ƙara masa bargo a sa ido a kan shan ruwansa, ba dalilin barin sa a gida ba ne in likitansa ya yarda. Amma takarda ba za ta gaya miki wanda yake fitsarin kwance ba sai kin tambayi uwa a keɓe. A wannan shekaru har yanzu akwai su, kuma yaro ya gwammace ya ce ba ya son zuwa da a sani. Ki sa shi kusa da ƙofar tanti, ki ajiye shimfiɗa ta biyu da baƙar leda a wajenki, ku yi alama tsakaninku, misali ya bar takalminsa a kan shimfiɗar da safe, ke kuma ki sauya ta lokacin da kowa ke karin kumallo. Haka yarinyar da al'adarta ta farko za ta zo mata a daji. Audugar mata da zane da kayan canji su kasance a jakar malama mace, kuma a gaya wa 'yan matan duka tun a makaranta wa za su tasa ko da tsakar dare ne. Ke ce za ki raba masu kwana a kowane tanti. Ki ba kowa dama ya rubuta sunan aboki ɗaya ko biyu a asirce, ki tabbatar ya samu ɗaya. Idan kika ce su zaɓa da kansu a fili, akwai yaron da zai tsaya shi kaɗai yana kallon ƙasa, kuma tafiyarsa ta ƙare tun ba a hau mota ba.

Kewar gida za ta zo, yawanci daidai faɗuwar rana ko bayan an kashe fitila, kuma sau da yawa da sunan ciwon ciki take zuwa. Christopher Thurber, masanin halayyar yara a Amurka da ya daɗe yana nazarin wannan a sansanonin yara, ya nuna cewa mafi yawansu suna jin ta, kaɗan ne take yi wa tsanani. Shi da likitocin yara suna gargaɗin iyaye a kan alkawarin nan na "in ka ji ba daɗi ka kira ni in zo in ɗauke ka", domin yana shuka wa yaro shakka tun daga gida. Ki roƙi iyaye su bar wannan magana. Yaron da ya zo yana hawaye, ki fara duba jikinsa ko da zazzaɓi, ki zaunar da shi inda sauran manya suke, ki gaya masa gaskiya cewa kusan kowa a tantunan nan yana jin haka, ki ba shi ƙaramin aikin da zai yi miki da asuba. Kiran gida da dare ya fi ƙara kuka a kan rage shi. Wayoyin yara ni a gida nake so su kwana, saboda hotunan da ake ɗauka a tanti ba da sanin mutum ba sun isa fitina. Iyaye a ba su lambar malami ɗaya, shi kuma ya tura saƙo an isa lafiya, an kwanta lafiya, an tashi lafiya.

Sanyi daga ƙasa yake shiga fiye da sama, don haka abin shimfiɗa a ƙarƙashi ya fi ƙarin bargo a bisa. Kowa ya keɓe busassun kayan barci da safa a leda, kada a taɓa su sai dare. Ƙwararrun barci suna ba 'yan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, 'yan 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10. A daren farko ba za su samu ba, surutu da dariya ba za su bari ba, don haka aikin da ke buƙatar nutsuwa, kamar riƙe wuƙa ko hawan dutse, kada ki ajiye shi washegari da rana tsaka. Ruwan sha ki tafi da shi. In dole sai na rafi, ya tafasa sosai na minti ɗaya cur, minti uku a tudun da ya haura mita 2,000. Inda babu makewayi, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, kimanin mita 60 daga ruwa da sansani, a kewaye shi, a sa fitila a hanyarsa, kuma da dare bibbiyu ake zuwa. Sabulu da buta a bakin hanyar girki, babba a tsaye yana kallo. Gudawa ta fi maciji yawan korar mutane daga sansani.

Iyayen da suka ce neman magana ne, kada ki ɗauke su abokan gaba. Ki kira taro, ki kafa tanti ɗaya a gabansu su shiga su gani, ki karanta musu sharuɗɗan fasawa, ki gabatar da kowane babba da sunansa da fuskarsa. Kada ki ce babu abin da zai faru. Ki ce ga abin da zai iya faruwa, ga abin da muka tanada. Tunda kuma wannan ce fitarki ta farko, ki fara da dare ɗaya a filin makaranta, inda akwai katanga da famfo da ajin da za a fake. Duhun ɗaya ne, raɓar ɗaya ce, taurarin ma suna nan, kuma a nan za ki san wane malami ne yake farkawa idan yaro ya kira da wanda barci ke ɗaukewa, tanti nawa ne zif ɗinsu ya lalace, da minti nawa yara talatin suke ci kafin su hallara. Bayan haka sai daji, zangon karatu na gaba.

Kayan da yaro zai zo da su kada su zama shinge: makaranta ta tanadi na aro, a ba wanda ba shi da su ba tare da 'yan ajinsa sun sani ba. Wanda kuma iyayensa suka tsaya a kan ba zai kwana ba, a karɓi hukuncinsu ba gori. Ya zo da rana, ya buga turke tare da rukuninsa, ya yi awon la'asar da na magariba, ya ci abincin dare da su, a zo a ɗauke shi, da safe kuma a ba shi lambobin asuba ya cike jadawalinsa kamar kowa.